Baƙin Zaren Baban Ladi

Malama Talatu ta sashen jaridu ce take rubuta wannan, ni ina faɗa, don ban san baƙi ba. Na ce mata kada ta gyara mini magana sai inda harshena ya karkace. Sunana Saratu, amma a laburaren jami'ar nan Mama Bainda ake ce mini, wato mai ɗinkin littafi da Turanci, saboda ɗakin ɗinkin littattafai da nake riƙe da mabuɗinsa. Ƙarshen watan nan zan miƙa mabuɗin. Da ku nake magana, 'yan koyon aiki da ake turo mana kowace shekara, musamman mai dogon wuyan nan da ya leƙo makon jiya ya ce wa abokinsa ai wannan ɗinki ne kawai, ko kakarsa za ta iya. Ban ji haushi ba. Kakarsa za ta iya, in ta yarda ta zauna shekara talatin a kan kujera ɗaya. Abin da nake so ku sani kafin in tafi yana kan kantoci uku na ƙarshe a ɗakin kundaye, amma sai na bi da ku ta hanya kafin mu kai can.

Mun sauka a tashar Jabi da buhu biyu da akwatin ƙarfe ɗaya, ni da maigidana Yohanna, Baban Ladi, daga ƙauyenmu na kan dutse a Filato. Ba tufafi ne a akwatin ba, kayan aikinsa ne. Ya koyi ɗinkin littafi tun yana saurayi a wurin wani tsoho mai gyara littattafan waƙoƙin majami'a. Muka sami ɗaki a Jikwoyi, inda nake har yau. Lokacin laburaren nan ɗaki biyu ne da baranda. Littattafan da aka fara da su kyauta ce, daga tsofaffin malamai da wasu ofisoshi da suka taso daga Legas. A katan-katan suka zo, wasu ba bango, wasu gara ta fara ci. Ba kwamfuta ko ɗaya. Doguwar kabad ce mai ƙananan aljihuna cike da katuna, ɗalibi ya jawo aljihu ya bi da yatsa har ya sami littafinsa. Aka ɗauki Baban Ladi ya yi wa littattafan bango, ni aka ɗauke ni shara da goge kanta.

Shekara huɗu ina shara. Da ɗalibai na farko suka kai aji na ƙarshe, kundayen kammala karatu suka fara zuwa, aiki ya fi ƙarfin hannu biyu, sai Baban Ladi ya roƙa a ba shi ni. Shugaban laburare na wancan lokaci ya tambaye shi yadda macen da ba ta san saman takarda da ƙasanta ba za ta jera shafuka. Baban Ladi ya ce a ba shi wata ɗaya. Ga abin da ya yi, kuma ku riƙe shi, don komai na labarin nan a kansa yake. Kafin ya kwance littafi, sai ya cire bango ya ja layi da fensir a gadon bayan takardun, a karkace, daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa. In an warware, kowane falle yana ɗauke da ɗigonsa na wannan layin a gefensa. In ka jera daidai, layin ya fito miƙe. In falle ɗaya ya bar wurinsa, layin ya karye, ko makaho ya kusa gani. Sannan ya shafa jan alli a saman littafin, in san inda kai yake. Da layin fensir da jan alli na yi aikina duka. Ban taɓa karanta kalma ɗaya a cikin abin da na ɗinka ba.

Littafin farko da na ɓata na wani farfesan shari'a ne, mai kauri kamar bulo. Zafi ake yi, gumin hannuna ya goge allin, na manna bangon kai a ƙasa. Farfesan ya zo karɓa, ya buɗe, ya juya, ya sake juyawa, sai ya ce, "Yohanna, ashe matarka ta yi juyin mulki ba ka sanar da mu ba." Kowa ya yi dariya sai Baban Ladi. Kwana biyu ya sa ni ina ɗaga bangon da tururin buta da bakin ƙashin ninke takarda, a hankali, ba tare da falle ɗaya ya yage ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce dai littafin da aka amince aka ba ka, ɗan mutane ne.

Kayan aikin ba su da yawa, kuna ganinsu a kan tebur. Allura da basilla ta huda. Dunƙulen kakin zuma da muke saye wurin masu zuma na hanyar Karshi, a ja zare a kansa sau uku don kada ya kumbura ya ruɓe. Kunun sitaci na liƙa takarda, gam na liƙa bango, kada ku haɗa su. Wannan farin abu mai santsi da kuke ɗauka roba ce, ƙashin haƙarƙarin bijimi ne, Baban Ladi ya goge shi da hannunsa, da shi ake ninke takarda a kwantar da ita. Ga matsi na ƙarfe mai sitiyari, inda littafi ke kwana ya miƙe. A lungu kuma ga injin yanka, wanda muke kira Mahauci. Saukar wuƙarsa ɗaya tana raba takarda ɗari biyar. Baban Ladi ba ya barin Mahauci ya taɓa komai sai sabon kwali da bakin takarda. Gadon bayan littafi bai taɓa shiga ƙarƙashinsa ba.

Dalilin yana cikin ƙa'idar da tsohon nan na majami'a ya koya masa. Mai ɗinki in ya gama, ba ya yanke zare daga gindin ƙulli. Yana barin wutsiya kamar tsawon yatsa, ya kwantar da ita a ciki, saboda wanda zai zo bayansa ya gyara, ko da bayan shekara hamsin ne. Shi kuma mai zuwan ya nemi wutsiyar, ya kwance daga ƙullin ƙarshe ya koma baya, ya sake ɗinki a ramukan da ya tarar. Kafin ya ja zaren kuma sai ya gaida mai aikin, ko ya san shi ko bai sani ba, ko yana raye ko ya mutu. A ce, sannu da aiki, mai hannu, zan kwance. Da farko kunya nake ji, ina gaida wani Bature ko Ba'indiye da ya ɗinka littafi tun ba a haife ni ba. Baban Ladi ya ce ba tsafi ba ne, ladabi ne, kuma mai gaisuwa ba ya gaggawa, mai gaggawa ne ke yaga takarda. Da hannu ake gane mai ɗinki. Shi bahago ne, ɗinkinsa yana kwantawa hagu. Nawa yana kwantawa dama. Ko a duhun ɗakin kundaye na shafa na san wane ne namu.

Masu kawo mana aiki iri-iri ne. Sashen aro suna turo waɗanda suka gaji da jakar ɗalibai, wasu da tabon miya, wasu an yage babi guda ana gobe jarrabawa. Sashen su Malama Talatu suna turo jaridun wata guda a ɗaure su wuri ɗaya, sai mutum biyu sun ɗaga. Ɗalibai kuwa ba sa zuwa sai ranar ƙarshe, idanu jajaye, Mama don Allah, Mama gobe zan kare kundina, malamina ba ya wasa. Na tuna wata yarinya da ta kawo nata da shafi guda a juye, ni da ban iya karatu ba na gane, don faɗin gefen bai yi daidai da sauran ba. Ta durƙusa tana godiya kamar na ba ta miji. Wasu suna dawowa bayan shekaru da manyan motoci daga ma'aikatu, su ce a ɗauko musu kundinsu su nuna wa 'ya'yansu. Kundi ba kamar littafin kanti ba ne. Sau da yawa kwafi ɗaya ne a duniya. Mai shi ya yi ƙaura ya ɓatar da nasa, ko ya mutu, na nan ne kaɗai ya rage.

Sai mummunar shekara. Mun riga mun koma sabon gini, kundaye suna ƙasa, a ɗakin da ba taga. Damina ta yi ƙarfi, makaranta kuma tana dogon hutu. Ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya kwanta, ba wanda ya sani sai da wari ya hau bene. Da aka buɗe, kantocin ƙasa sun sha ruwa har sun kumbura, fumfuna ta fito musu fara da kore kamar gashin tsoho. Aka ce a zubar. Baban Ladi ya ce a ba shi. Wata bakwai yana kwancewa, yana sa tsohuwar jarida tsakanin falle da falle, yana shanyawa a igiya kamar wanki. Ƙasan takardun ya ruɓe, dole ya datse shi, kuma a ƙasan ne lambar shafi take. Don haka kundayen nan ba su da lamba ko ɗaya. Shi da ya iya Turanci yakan karanta ƙarshen shafi ya nemi wanda ya ci gaba da maganar, leɓensa yana motsi, sannan ya ja layin fensir ya ɗinka. Farin zare ya ƙare ana tsakiyar aiki, ba a sayo ba, sai ya je wurin masu gyaran takalma a Nyanya ya sayo baƙi. Duk abin da ya ceto a shekarar nan da baƙin zare ya ɗinka shi, ya cika kantoci uku.

Na ce ya ɗaura ƙyalle a hanci, ya ce yana hana shi ganin ramin allura. Tari ya kama shi kafin ya gama, busasshen tari mai fita sau biyu a jere, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Shekara biyu yana fama. A asibiti a Gwagwalada ya cika, ranar Talata da hantsi, ina riƙe da hannunsa na dama, na hagun yana kan bargo yana ɗinki ba allura. Malama Talatu, dakata kaɗan. To, rubuta. Rubuta cewa har yau ban saba ba, kuma ba na son a ce mini in yi haƙuri, na yi, bai ishe ni ba. Rigar aikinsa tana rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakin ɗinkin nan. Ban taɓa wanke ta ba, ban taɓa sa hannu a aljihunta ba.

Shekara shida bayan haka aka ce za a sa kundaye duka a kwamfuta, ɗalibi ya karanta daga wayarsa. Abu ne mai kyau, ban ƙi ba, ruwa ba ya cin abin da ke cikin waya. Shugabar laburare a lokacin Hajiya Rabi ce, Bakatsiniya, ta yi karatu a waje, mace mai adalci amma ba ta son labarin da ba shi da takarda. Aka kawo ɗan kwangila, Oga Fidelis, da na'urar ɗaukar hoto wadda take zuƙar takarda falle-falle. Ba ta karɓar ɗinkakken littafi. Aka ba shi wata uku. Na gaya wa Hajiya kwance kundi ɗaya yana cin awa guda. Fidelis ya ce Mahauci zai yi shi kafin in gama atishawa. Hajiya ta dube ni ta ce, Mama Saratu, ki taimaka mana, lokaci ba namu ba ne. Na ce to. Wannan to ɗin nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Na fara da waɗanda aka ɗaure a kasuwa da gam, ba zare, ba mai hannu da za a gaisar. Na wuce zuwa nawa, na ce ai ni ce, na yafe wa kaina. Ranar wata Litinin amalanke ya shigo da baƙin zare. Na yanka goma sha biyu kafin rana ta take. Ban gaida kowa ba. Wuƙar tana sauka, gadon bayan yana faɗawa kwando da layin fensir ɗinsa da guntayen zarensa kamar matattun tururuwa. Na san ba su da lamba. Da na ja sabon layi a kan yankan, da ya wadatar, aikin daƙiƙa ne. Ban ja ba. So nake in gama in daina gani. Na ɗaure kowanne da roba na jera a amalanke.

A ɗakin nake cin abincina kullum. Na tuna na buɗe kular gwate, tururi yana tashi. Abu na gaba da na sani, ladanin masallacin makaranta yana kiran azahar, gwaten ya yi sanyi, cokali yana tsaye a ciki ban kai baki ba. Ɗakin yana ƙamshin kakin zuma. Fidelis ya shigo ɗaukar amalanke, ya ɗaga na sama ya tsaya.

"Mama Bainda, ke kina wasa da aikina ne?"

Uku na sama an ɗinke su. Sabbin ramuka a jere daf da rubutu, baƙin zare, ƙulli da wutsiyarsa. Na ce ba ni ba ce. Ya duba ƙarƙashin tebur, ya duba bayan matsi, ya ce to aljani ne ya ɗauki kwangila a kan tasa? Na nuna masa yadda ɗinkin ya kwanta hagu, na ce ni ba bahaguwa ba ce. Ya ce shi bai damu ba ko da ƙafa aka ɗinka. Ya so a sake yankawa, amma ba wuri, wuƙar za ta ci rubutu. Ya kwashe sauran taran ya tafi yana magana da yarensu. Da na zo wanke kula ne na ji yatsun hagu suna zafi. Na sansana su. Kaki.

Talata haka aka yi, biyar wannan karon. Na bar ƙofa a buɗe, na ƙi zama, na ce a tsaye zan ci abinci. Na tuna ina tsaye. Sai kiran ladani, ni a kujerar Baban Ladi, ba tawa ba.

Hajiya ta kira ni ofis. Takardar tuhuma tana gabanta, ta riga ta sa hannu. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce abu biyu ne, ko ina yi da gangan don aikin mijina ne, ta fahimta amma ba za ta yarda ba, ko kuma ba ni da lafiya. Ko wanne ne, ranar Jumma'a za ta karɓi mabuɗi, a kai ni asibitin makaranta, a rufe ɗakin, kayan ciki a kai sito. Ku gane abin da ke nan. Shekara talatin ba a taɓa ce mini na taɓa abin da ba nawa ba. Yanzu zan fita a matsayin maƙaryaciya ko mahaukaciya, rigar mijina da ƙashin aikinsa da allurarsa su tafi sito wurin karyayyun kujeru. Na ce, ranki ya daɗe, kafin Jumma'a ki zo ki zauna da ni rana ɗaya, abin da kika gani shi ne. Ta ce gobe.

Laraba da rana tsaka ta zo da kujerarta, ta rufe ƙofa da kanta. Ba wuta, janareta ne, fankar sama ba ta aiki. Ta zaɓi kundi daga amalanke, mai kauri, ta ce a kan tukwanen Gbagyi ne, mai shi ta san ta, ta rasu tuntuni. Na sa shi a Mahauci na saukar da wuƙa, na ɗaure da roba na ajiye a bakin tebur. Muka zauna. Zafi ya dame ta, ta miƙa hannu ta kunna fankar tsaye. Robar tsohuwa ce. Ta tsinke, iska ta ɗebi takardun, sama da ɗari uku, suka watsu har ƙarƙashin matsi. Hajiya ta kashe fankar ta durƙusa tana tattarawa, tana duba ƙasan kowane falle. Ta tambaye ni ina lambobin. Na ce ruwa ya ci. Ta tambayi layin da ake cewa ina bi. Na nuna mata kwando. Ta yi salati a hankali. Ta tara su tuli guda, wasu a kife, wasu kai a ƙasa, ta ce wannan aikin mako biyu ne ga wanda ya san fannin, in ma ya yiwu. Na zauna na rufe fuskata da zani. Na ce a raina na kashe aikin matacciya, na kashe na mijina, da hannuna.

Daga nan ban san komai ba. Abin da zan faɗa Hajiya ce ta gaya mini, kuma ta ba ni izinin faɗa, ta ce dai ita ba ta sa hannu ba. Ta ce na sauke zanin na yi tari sau biyu a jere. Na tashi na koma ɗaya kujerar. Hannun dama ya kwanta a cinyata kamar ba nawa ba. Na hagu ya jawo tulin, ya fara ɗaga falle, idona yana bin layin rubutu, leɓena yana motsi, a ajiye wannan nan, wancan can, da sauri kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ta kira sunana sau uku ban waiga ba. Da tulin ya haɗu, na je bayan ƙofa na sa hannu a aljihun rigar na ciro dunƙulen baƙin zare, na ja shi a kaki sau uku, na huda, na ɗinka, na ƙulla, na bar wutsiya. Na ɗauki fensir na ja layi a karkace. Sannan, ta ce, ba tare da na dubi kowa ba, murya ta fito daga bakina, ƙasa-ƙasa, ba faɗa a cikinta.

"Maman Ladi, ba ki yi sallama ba."

Da na dawo hayyacina tana tsaye jikin ƙofa, bayanta manne da ita, tana karanta addu'a. Ba ta gudu ba, wannan na ba ta. Ta zo ta ɗauki kundin da gefen mayafinta, ta zauna tana bi shafi-shafi har aka yi la'asar. Ƙarshen kowane shafi ya haɗu da farkon na gaba. Ba falle ɗaya a kife. Sai ta juyo da shi gabana ta ɗora yatsa a kan layi.

"Mama Saratu, karanta mini nan."

"Hajiya, ko sunana ne a wurin ban sani ba."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce ita ba ta san abin da ta gani ba, kuma ba za ta rubuta shi a rahoto ba. Abin da za ta rubuta shi ne kundin da ba shi da lamba ba a yanka shi, kuma laifinta ne da ba ta tambaya ba. Takardar tuhumar ban sake ganinta ba. Mabuɗin ga shi a wuyana.

Fidelis ya yi ƙorafi har ya gaji, amma aka ƙara masa lokaci. Muka koma yadda ya kamata tun farko. In cire bango, in nemi wutsiya, in kwance, shi ya sa ƙaramar lamba da fensir a kowane falle, ya ɗauki hotonsa, ya dawo mini da shi in mayar a ramukan da na tarar. Kafin in ja kowane zare sai in ce, sannu da aiki, Baban Ladi, zan kwance. Ranar farko muryata ba ta fita ba sai a karo na uku. Fidelis ya fara da tsokana, in ya shigo ya ɗaga wa rigar hannu ya ce, Oga Yohanna, mun zo, a yi mana afuwa. Daga baya na lura ya daina murmushi in yana faɗa, kuma bai ƙara shiga ɗakin da rana tsaka ba. Likitan makaranta ya ce gajiya ce da baƙin ciki. Fastonmu ya yi mini addu'a ya ce matattu suna hutawa, kada in dame su. Ban musa wa kowa ba. Ban dai sami wanda ya gaya mini yadda baƙin ciki yake koya wa mutum Turanci ba.

Tun ranar da na fara gaisuwar, hannun hagun nan bai sake motsi ba. Abincina ina cinye shi da zafinsa. Kowa ya ce alhamdu lillahi, an rabu da abin. Ni kuwa, Malama Talatu, rubuta wannan ma, kada ki tsallake. Sau uku ya zo, duka ukun ba na nan. Hajiya ta ji muryarsa, ni matarsa ban ji ba. Ya kira ni da sunan da ba mai kirana da shi yanzu, a kunnen wata. Akwai ranakun da na ɗauko kundi daga kantocin nan na tsaya da shi gaban Mahauci, hannuna a kan ƙarfen, ina cewa ɗaya kawai, in roƙi Talatu ta riƙe waya ta ɗaukar mini muryar. Sai in tuna kundin ɗan mutane ne, shi kuma ya sha wahala ya kwanta. In mayar da shi kanta. Ban yanka ba, Ubangiji shaida ne.

To, ku masu zuwa. Kantoci uku na ƙarshe, hannun hagu in ka shiga. Ku buɗe tsakiya, in kun ga baƙin zare ya kwanta hagu, ku nemi wutsiya, ku yi gaisuwa, ku kwance a hankali. Rigar ku bar ta a ƙusarta, Hajiyar da ta gaji Hajiya Rabi ta yarda. Kada Mahauci ya taɓa su. Amma ku yara ne, kuna gaggawa, wata rana wani zai manta. In hakan ta faru, kada ya ɓoye, kada ya ji tsoron faɗa. Ya bar takardun a kan tebur yadda suke, ya sa a kira ni. Jikwoyi ba nisa, Talatu ta san gidan. Zan shigo motar farko, in zauna a kujerar Baban Ladi, kuma wannan karon wani ya riƙe mini waya.